Mantuwar tsufa ce ke damun mahaifinmu, ko ciwo ne ya kama shi?

'Yar Garwa ta rubuta:

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina neman shawarar ma'aikatan lafiya da ke wannan zaure, da kuma duk wanda ya taɓa riƙon tsoho a gida, domin wani al'amari ya raba kan 'ya'yan gidanmu, kuma kowane ɓangare yana ganin shi ne yake kare mutuncin mahaifinmu.

Baba ya haura shekara 70, kuma tun kafin a haife ni yake sana'ar hatsi a kasuwa a nan Garwa. Mutum ne da aka sani da lissafi, wanda zai faɗa maka abin da yake bin mutum goma da abin da ake bin sa ba tare da ya buɗe littafi ba, har 'yan kasuwa sukan kawo masa gardamar kuɗi ya raba. Tun wajen damunar bara muka fara ganin wasu abubuwa da ba mu saba gani ba. Zai tambaye ni ko ƙaninmu da ke karatu a Yawunde ya bugo waya, in ba shi amsa har da abin da suka tattauna da Inna, amma kafin shayin da ke gabansa ya huce sai ya sake jefo tambayar, da muryar wanda bai taɓa yin ta ba. Yaron shagonsa ya gaya wa yayanmu a asirce cewa wata rana an ba Baba jaka biyar a kan cinikin jaka biyu, ya daɗe yana juya takardar kuɗin a hannu, daga ƙarshe ya ba da canji kamar jaka goma ya karɓa. Ya taɓa cusa kuɗi a cikin buhun dawa, da ya neme su ya rasa sai ya ɗora wa yaron sata a gaban jama'a, yaron da ya yi shekaru a hannunsa ba a taɓa kama shi da ko dala ba. Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne daren da ya fito daga sallar isha'i a masallacin da yake zuwa tun muna ƙanana, ya miƙe wata hanya dabam, sai wani maƙwabci ne ya tarar da shi tsaye a bakin titi ya rako shi gida. Da aka tambaye shi, cewa ya yi gine-gine ne suka canja unguwar.

Inna ma tana mantuwa. Takan kira sunan jikoki uku kafin ta faɗa kan wanda take nufi, takan nemi makulli alhali yana ƙulle a bakin zaninta, amma ita da kanta take cewa tsufa ya zo, kuma girkinta da lissafin adashinta suna nan yadda muka san su.

Yayanmu babba ya ce duk abu ɗaya ne, gigin tsufa ne, kuma kai Baba asibiti a kan wannan tozarta shi ne. Hujjarsa ita ce Baba yana ba da labarin ranar da shugaban Kamaru Ahmadu Ahijo ya sauka daga mulki a 1982 tamkar jiya aka yi, yana lissafa dillalan hatsi na wancan zamani da sunayen iyayensu, kuma karatunsa na Alƙur'ani bai taɓu ba. Ni kuwa ina ganin mantuwar Inna daban, ta Baba daban. Ya kamata in ƙara da cewa Baba yana da hawan jini, kuma ba ya shan maganin sai ranar da kansa ya yi ciwo. Don Allah, ta yaya ake bambance mantuwar da shekaru ke kawowa da wadda take alamar ciwo?

Tsohon Malamin Makaranta, Ngaundare, ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yata, Allah ya yi miki albarka da ke da 'yan'uwanki. Ni sa'an mahaifinku ne ko na ɗan girme shi, saboda haka bari in gaya miki yadda mantuwar tsufa take daga ciki, tunda mu ne muke zaune da ita.

Nakan haɗu da wanda na koyar shekaru masu yawa da suka wuce, ya durƙusa ya gaishe ni, in gane fuskarsa, in tuna mahaifinsa da unguwarsu, har in tuna cewa a bayan aji yake zama, amma sunansa ya tsaya mini a harshe ya ƙi fitowa. Sai can ina alwalar magariba sunan ya faɗo da kansa, ko kuwa wani ya faɗi harafin farko in ƙarasa. Nakan shiga ɗaki in rasa abin da ya kai ni, amma da na koma inda na taso sai in tuna. Sabuwar wayar da 'ya'yana suka saya mini ta ɗauke ni lokaci fiye da yadda za ta ɗauki jikana, amma na koye ta, ga shi da ita nake rubuto miki. Shakkar raka'a uku na yi ko huɗu tana zo mini, sai dai wannan ko saurayi yana yin ta, shi ya sa aka koya mana ƙabli da ba'adi tun a makarantar allo. A wurina abin kamar hatsi ne a rumbu: yana nan a ciki, hawa a ɗebo ne ya koma yi mini wuya. Duk abin da kika faɗa game da mahaifiyarku ya yi kama da wannan, kuma ban ga abin tsoro a cikinsa ba.

Amma ban taɓa ɓata a hanyar masallacinmu ba, kuma ban taɓa maimaita tambayar da aka amsa mini yanzu-yanzu ba tare da wani abu ya motsa a zuciyata cewa na riga na yi ta ba. Wannan ba irin namu ba ne.

Duk da haka kada ki raina damuwar yayanku, domin yana tsoron abin da ni ma na sha gani, wato a mayar da dattijo abin gwaji a gidansa. Sai ki ga an tara baƙi, an nuna masa jika ana cewa “Baba, wane ne wannan?”, ko “Baba, yau wace rana ce?”, shi kuwa yana kallon fuskoki yana neman tsira. Tsoho yakan manta amsar, amma kunyar da aka ba shi tana daɗewa a ransa, har ya daina fitowa zaure. Ku lura da shi a hankali ba tare da ya san ana auna shi ba, abin da kuka gani kuwa likita za ku kai wa, kada ya zama hirar maƙwabta.

Ma'aikacin Jinya, Marwa, ya amsa:

Wa alaikumus salam. 'Yar'uwa, Allah ya ba Baba lafiya. Babu wanda zai yanke wa mutum ciwo daga nesa, amma abin da kika lissafa ya isa a kai Baba a duba shi ba tare da an jira wata alama ba, kuma zan bayyana dalili.

Ma'aunin da ya fi kowane amfani shi ne a gwada mutum da kansa na shekara biyu ko uku da suka wuce, a duba ko akwai aikin da ya ƙware a kai wanda yanzu ya fara gagarar sa. Kowa da nasa ma'aunin. Ga ɗan kasuwa irin Baba lissafi ne da canji, ga tela awo ne da yanka, ga direba hanya ce, ga uwar gida kuwa girki ne, inda za a ga wadda ta shekara arba'in tana miyar kuka ta fara zuba gishiri sau biyu, ko ta rasa abin da ke bin wani, ko ta riƙa barin tukunya a kan wuta har ta ƙone. Wanda dama bai iya lissafi ba, kuskuren canji ba ya nuna komai a kansa, amma mutumin da ake kawo wa gardamar kuɗi ya raba, idan takardar jaka biyar ta ruɗa shi, to wani abu ya canja. Bayan wannan sai a duba ko tuna masa yana amfani. Na ji daɗin misalin rumbu da Malam ya kawo, domin a mantuwar tsufa hatsin yana ciki, a ciwon kuwa tun farko ba a zuba shi ba, shi ya sa duk yadda kika tuna wa Baba cewa kin amsa masa, ba zai ce “af, haka ne” ba, sai dai ya yi shiru ko ya yi fushi. Akwai kuma wata alama da nake yawan gani: mai mantuwar tsufa shi ne yake kuka da mantuwarsa alhali iyalinsa ba su damu ba, mai ciwon kuwa iyalinsa ne suke cikin damuwa, shi yana cewa lafiyarsa lau, yana samo wa kowane kuskure dalili, kamar yadda Baba ya ce gine-gine ne suka canja unguwa. Zargin sata ma daga nan yake fitowa, domin wanda bai tuna ya ajiye ba, kuma ya nema bai gani ba, babu bayanin da ya rage masa sai cewa an ɗauka.

Hujjar yayanku ta cancanci amsa mai kyau, domin ita ce take hana iyalai da yawa zuwa asibiti da wuri. A can cikin ƙwaƙwalwa, daidai saitin kunnuwa, akwai wani ɗan sashe a kowane gefe da likitoci ke kira hifokamfus, wanda aikinsa shi ne ɗaukar abin da ya faru yanzu ya adana shi. A cutar Alzheimer, wadda ita ce irin cutar mantuwa da ya fi yawa, wannan sashe yana cikin wuraren da suke fara lalacewa, yayin da tsofaffin labarai da abin da aka haddace tun ƙuruciya suka riga suka kafu a wasu sassan, kuma sukan jima ba su taɓu ba. Saboda haka mutum ya tuna 1982 daki-daki amma ya manta abin da ya karya kumallo da shi, wannan shi ne ainihin yadda ciwon yake farawa, kuma ba ya wanke Baba daga zato.

Sunan cutar ya samo asali ne daga wani likita Bajamushe, Alois Alzheimer, wanda a 1906 ya yi bayanin abin da ya gani a ƙwaƙwalwar wata mata da ta kamu tun tana da shekara hamsin da 'yan kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum sama da miliyan 55 ne suke fama da cutar mantuwa a duniya, ana samun sababbin kamu kusan miliyan 10 kowace shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna zaune ne a ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi irin namu. Cutar Alzheimer ita ce kashi 60 zuwa 70 cikin 100 na duka. Shekaru suna ƙara haɗarin kamuwa, amma mafi yawan masu shekara saba'in da wani abu ba su da ita, don haka bai dace a ce haka tsufa yake ba.

Maganar hawan jinin Baba ta tsaya mini a rai, domin iri na biyu da ya fi yawa shi ne wanda lalacewar jijiyoyin jini na ƙwaƙwalwa ke kawowa. Hawan jini da ciwon suga suna toshe ƙananan jijiyoyi, wani lokaci ba tare da an ga shanyewar ɓarin jiki ba, sai tunani ya yi nauyi, tsara aiki ya yi wuya, tafiya ta canja, kuma sau da yawa abin yakan zo mataki-mataki, mutum ya sauka ya tsaya na wasu watanni, sannan ya sake sauka. Wasu suna da wannan haɗe da Alzheimer. Akwai kuma irin da mai shi yake ganin mutane ko dabbobi a ɗaki alhali babu su, ya tashi garau da safe ya rikice da yamma, jikinsa ya yi tauri, da kuma irin da yakan fara tun shekara hamsin zuwa sittin da canjin hali, mai kunya ya koma faɗin abin da bai dace ba alhali mantuwarsa ba ta yi yawa ba. Masu irin waɗannan biyu akan kai su wurin masu cire aljanu.

Tsakanin mantuwar tsufa da ciwon akwai wani matsayi, inda iyali suke ganin raguwa amma mutum yana gudanar da al'amuransa da kansa. Cikin irin waɗannan, kimanin 10 zuwa 15 cikin 100 ne suke wucewa zuwa ciwon a kowace shekara, wasu su tsaya a nan, wasu ma su dawo daidai. Ɓata a hanyar da aka sani da rikicewar kuɗi suna sa in yi zaton Baba ya wuce wannan matsayi, amma likitan da ya gan shi ne zai tabbatar.

Uwar Gida, Njamena, ta amsa:

Salamu alaikum. 'Yar'uwa, ina so in ƙara abu ɗaya a kan bayanin ma'aikacin jinya, saboda masu karanta wannan zaure waɗanda tsohonsu ya rikice ba a hankali ba, a'a, farat ɗaya.

Uwar mijina tana zaune tare da mu, kuma tana da irin mantuwar da Malam ya siffanta, ba ta wuce haka ba. A tsakiyar zafin watan Afrilu, lokacin da ko inuwa ba ta zaunuwa a Njamena, muka kwana da ita lafiya, kashegari da yamma ta daina gane ɗanta. Tana jan bakin zaninta tana tsintar abin da babu a kan tabarma, tana kiran mutanen da suka daɗe da rasuwa, ta yi gyangyaɗi da rana, da dare kuwa ta tashi tana neman ƙofa. Nan da nan gida ya cika da masu shawara, wasu suka ce jifa ne, wasu suka ce iska ce, wasu kuma suka ce gigin tsufa ne ya sauko, a yi haƙuri. Na lura leɓenta ya bushe, fitsarinta ya ragu kuma ya yi duhu, na nace wa maigidana muka kai ta asibiti. Awo ya nuna ciwon sanyin mafitsara ne ya haɗu da ƙarancin ruwa a jiki. Aka yi mata ƙarin ruwa, aka ba ta magani, kafin mu bar asibitin ta koma tambayar wa aka bar wa awakinta.

Likitan ya gaya mana cewa cutar mantuwa tana tafiya ne a cikin watanni da shekaru, ruɗewar da ta zo cikin sa'o'i ko kwana ɗaya zuwa biyu kuwa alama ce ta wani ciwo a jiki da ke buƙatar gaggawa, kamar zazzaɓin cizon sauro, ko ciwon huhu, ko suga da ya faɗi ko ya hau, ko wani magani da aka sha. Ya ce tsoho yana iya ɗauke da ciwo mai tsanani jikinsa bai yi zafi ba, kuma ba ya jin ƙishirwa kamar yaro, don haka a lokacin zafi a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba. Ko wanda aka riga aka san yana da cutar mantuwa, idan ya rikice fiye da yadda aka saba cikin ɗan lokaci, a nemi abin da ya jawo.

Ina kuma roƙon mu ji tsoron Allah a kan tsofaffin mata. Na san wata tsohuwa a wata unguwa da ta koma fita da dare tana sambatu tana shiga gidajen mutane, maimakon a ce ba ta da lafiya sai aka laƙaba mata maita, yara suna jifan ta. Ba ta da kowa da zai tsaya mata, kuma abin yana ci mini rai har yau.

Malamin Zaure, Kusiri, ya amsa:

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Baiwar Allah, Allah ya saka miki da alheri a kan kula da mahaifi. Allah Maɗaukaki ya ambaci wannan hali a Suratun Nahli aya ta 70 da Suratul Hajji aya ta 5, inda ya bayyana cewa daga cikin mutane akwai wanda ake mayarwa ga mafi raunin rayuwa har ya zama bai san komai ba bayan ya sani. Ki lura cewa wasu aka ce, ba kowa ba. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya kasance yana neman tsari daga wannan hali, kuma ya yi umarni da neman magani, saboda haka kai Baba asibiti ba ya karo da tawakkali, kuma babu tozarci a cikinsa.

Hukuncin ibada yana rataye ne da hankali. Muddin Baba yana sane, ku taimake shi ya riƙa bin liman, wani ya raka shi masallaci ya rako shi, idan kuma ya tashi zai maimaita sallar da ya riga ya yi, kada a tsaya jayayya da shi. Ranar da hankali ya gushe, alƙalami ya ɗauke daga kansa, babu laifi a gare shi. Addu'a da tofi alheri ne, amma ban yarda a ɗaure tsoho, ko a turnuƙe shi da hayaƙi, ko a doke shi da sunan fitar da aljani ba.

Abin da nake so ku gaggauta shi ne dukiya. Mahaifinku ɗan kasuwa ne da yake riƙe bashi da amana a ka, kuma idan abin da ake tsoro ya tabbata, wannan littafi na kansa zai rufe. Ayar bashi a Suratul Baƙara, aya ta 282, ta yi umarni da a rubuta, har ta ce idan wanda bashi ke kansa mai rauni ne ko ba zai iya shibta da kansa ba, to waliyyinsa ya yi da adalci. Ku zaunar da shi a lokacin da ya fi natsuwa, tare da amintattun shaidu daga abokan kasuwancinsa, a rubuta abin da yake bi da abin da ake bin sa da ajiyar mutane da ke hannunsa. Yaron shagon kuwa yana da haƙƙi a kanku, tunda a gaban jama'a aka zarge shi, to a gaban jama'a ya kamata yayanku ya wanke shi.

'Yar Garwa ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka wa kowa da alheri. Na karanta wa Yaya amsoshinku, kuma bayanin tsohon labari da sabo ya sa jikinsa ya yi sanyi, har ya amince a je. Sauran matsalar Baba ne da kansa, domin idan aka ce masa za a duba ƙwaƙwalwarsa ba zai taka ko ƙofar gida ba. Ina roƙon ɗan'uwa ma'aikacin jinya ya ƙara mana haske a kan yadda za mu kai shi, da abin da za a yi masa a can, da kuma ko ya kamata mu hana shi zuwa shago.

Ma'aikacin Jinya, Marwa, ya sake amsawa:

'Yar'uwa, hawan jinin da yake da shi ya ishe ku dalili, kuma ba ƙarya kuka yi masa ba, domin lallai yana buƙatar a auna shi. Wanda ya fi zama da Baba shi ne zai raka shi, ya nemi ganin likita shi kaɗai na ɗan lokaci, ya miƙa masa takarda da aka rubuta abubuwan da suka faru da lokacin da aka fara ganin su, don kada a faɗe su a gaban Baba ya ji an ci masa fuska. Ku zuba duk magungunan da yake sha a jaka ɗaya ku tafi da su, har da na gargajiya da waɗanda ake saya a hannun masu talla, domin maganin barci irin diyazefam, da taramol, da magungunan mura masu sa gyangyaɗi suna dusashe tunanin tsoho ƙwarai.

Aikin likita na farko shi ne neman abin da ake iya gyarawa. Zai sa a yi awon jini don duba suga, da ƙoda, da ƙarancin jini, da bitamin B12, da aikin halittar wuya wadda kan kumbura ta zama maƙoƙo, domin raguwar aikinta tana kawo mantuwa da kasala. Idan ya nemi awon cutar ƙanjamau ko tunjere kada ranku ya ɓaci, dukansu suna taɓa ƙwaƙwalwa kuma suna da magani. Ku tuna masa a duba ji da gani, tunda wanda bai ji magana ba ba zai riƙe ta ba, a kuma duba ciwon damuwa, wanda yakan kama tsofaffi bayan rashin abokin zama ko karayar arziki, ya zo da kamar mantuwa. Idan Baba ya taɓa faɗuwa ko ya bugu a ka, ko da daga babur ne watannin baya kuma ya tashi ya kakkaɓe, ku faɗa, domin jini yana iya taruwa a hankali ƙarƙashin ƙoƙon kai, hoton ƙwaƙwalwa yana nuna shi, kuma tiyata tana fitar da shi.

Za a yi masa wasu tambayoyi na awon tunani. Wanda aka fi amfani da shi tun 1975 yana da maki 30, kuma ya fi dacewa da waɗanda suka yi boko, da rubutu da zane a ciki. Ku gaya wa likita irin karatun da Baba ya yi, ku nemi a tambaye shi da Hausa ko Fulatanci maimakon Faransanci, don kada a ɗauki rashin sabo da takarda a matsayin ciwo. Wannan ne ya sa babban binciken da aka yi kan tsofaffin Ibadan da na Indiyanafolis ta Amurka tun farkon shekarun 1990 ya haɗa da yi wa dangi tambayoyi, domin shaidar wanda ke zaune da tsoho tana da nauyi sosai.

Idan ta tabbata Alzheimer ce, har yanzu babu maganin da ke warkar da ita. Magunguna irin su donefezil da memantin suna sassauta alamun ga wasu na wani lokaci, kuma likita ne kaɗai zai rubuta su. Duk wanda ya ce muku yana da na warkarwa, kuɗinku yake nema. Abin da ke hannunku yana da yawa duk da haka, domin wani kwamitin masana na mujallar likitanci ta Lancet ya ƙiyasta a 2024 cewa kimanin kashi 45 cikin 100 na masu kamuwa suna da nasaba da abubuwa 14 da ake iya magancewa, daga ciki akwai hawan jini, da ciwon suga, da raunin ji, da shan taba, da rashin motsa jiki, da kaɗaici. Maganin hawan jini kullum ake shan sa, ko kai yana ciwo ko ba ya yi, kuma daga yau wani ya riƙa miƙa wa Baba da hannunsa a lokaci guda. Inna ma a auna nata.

Ban ba da shawarar a raba shi da shago ba, domin zaman gida shiru yana ƙara dagula irin wannan hali. Ya ci gaba da zuwa, ya zauna a wurinsa, ya gaisa da mutane, ya taya ciniki, amma aljihun kuɗi ya koma hannun ɗaya daga cikinku. Idan yana tuƙa babur ko mota a dakatar har likita ya gan shi. A saka masa takarda mai ɗauke da sunansa da lambar wayarku a aljihun kowace riga, a kuma sanar da liman da maƙwabta na kusa cikin sirri. Kafin ranar zuwa asibitin, idan kuka ga bakinsa ya karkace, ko hannu ko ƙafa ɗaya ta saki, ko maganarsa ta sarƙe, ko da abin ya wuce cikin mintuna kaɗan, ku kai shi a wannan sa'ar, kada ku bari sai gari ya waye.